Injin Da Ba Ya Shiga Cikin Gida

Direba ake ce masa, amma ko sau ɗaya bai taɓa riƙe sitiyarin mota ba. Abokan aikinsa na asibiti ne suka laƙa masa sunan, don ya yi shekara talatin da 'yan kai yana tura marasa lafiya, wani a keke, wani a gado mai taya, daga ɗakin kwanciya zuwa ɗakin hoto, daga tiyata zuwa ɗakin hutu. Sunan ya bi shi har gida ya zauna daram. 'Ya'yansa ma in ba ya kusa haka suke kiransa.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, mai magana ƙasa-ƙasa. Aikin da wasu ke yi suna tsaki, shi sana'a ya ɗauke shi. Ya san duk inda daɓen baranda ya fashe, ya san yadda ake kauce masa ba tare da mai ɗinki a ciki ya ji girgiza ba. In za a sauka gangare, da baya da baya yake saukowa, don kada mara lafiya ya ga kamar za a kifar da shi. Ƙato mai nauyin buhu biyu, Direba zai cira shi daga gado ya dire a keke tun mutumin bai gama cewa a bi a hankali ba. Tsofaffin mata har rigima suke yi da nas, su ce su dai a kira musu gajeren nan.

Wuri ɗaya ne ke ɓata masa lokaci a duk faɗin asibitin, wato rumfar mai walda da ke bayan ɗakin wanki. Duk gadon da ƙafarsa ta karye shi ke kai shi can, kuma maimakon ya ajiye ya juyo, sai ya ja gefe ya kare ido da tafin hannu, yana sauraren ƙarfe na ƙara kamar ana suya. Yakan ce in ya yi ritaya sai ya koyi aikin nan. Ba wanda ya ɗauki zancen da muhimmanci, har shi kansa.

Gidan da suka gina da kyar da jiɓin goshi yana da gareji, don magini ya ce gida ba gareji ba ya kyan gani. Motar dai har yau ba ta iso ba. Abin da ya iso shi ne tsofaffin katifun yara, gwangwanayen fenti da suka bushe, da keken da autarsu ta hau tana ƙarama.

Matarsa tela ce, kuma Tela yake kiranta tun suna ango da amarya. Doguwa ce, bakinta da kaifi kamar almakashinta, ga sauri. In sun fita tare tana gaba yana baya, sai ta tsaya a bakin titi ta riƙe ƙugu tana jiransa.

"Wai kai Direba, a asibitin ma haka kake jan ƙafa? Ai kafin ka kai mutum wurin likita ya warke da kansa."

Shi dai murmushi ne nasa. Yana son wannan tsiyar fiye da yadda wasu ke son yabo.

Bai daɗe da ajiye aiki ba Tela ta zame a banɗaki, ƙashin ƙugunta ya karye. Aka yi aiki, aka sa ƙarfe, aka sallamo ta a keke. Likita ya ce ƙashi zai haɗe, sauran kuma tafiya ce, sai ta riƙa takawa ko da zafi. Mai gashin ƙashi ya zo gida ya nuna mata yadda za ta miƙe, ya bar mata ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu.

To, a nan aka samu matsala. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tura matan wasu da iyayen wasu, yau ga tasa a keke. Duk gwanintar shekara talatin ya juye mata. Kafin ta ce ruwa, kofi na hannunta. Kafin ta kalli ƙofa, ya saki birki. Ranar da ta fara gwada ƙarfen dogarawa ta ɗan cije leɓe, Direba ya ga cizon leɓen nan, washegari ƙarfen ya koma gareji ya kwanta kan katifu. Ba a taɓa yi wa mace hidima irin wannan ba, kuma ba a taɓa cutar mace cikin ladabi irin haka ba.

Watanni suka shuɗe. Ƙafafun Tela suka sirance, keken ɗinkinta ya yi ƙura a ƙarƙashin mayafi. Abin da ya fi ɗaga hankali, bakin nan ya mutu. Ta daina tsiya, ta daina gyara wa kowa zama. In ya tambaye ta me take so sai ta ce, "Duk yadda ka gani." Wanda ya san Tela ya san wannan amsar ta fi kuka muni.

Auta ce ta fasa ƙwan. Ta zo daga gidan mijinta wata Asabar, ta zauna da uwar, ta fito ta tarar da shi a kicin yana fifita shayi da faifai don kada ya ƙona wa mara lafiya baki. Ta ja ƙofa ta rufe.

"Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ƙashin Umma ya haɗe tuntuni. Mai gashin ƙashi ya ce in ta ƙara wasu watanni a kujerar nan, ta zauna ke nan har abada."

"To me ban yi ba?"

"Ba abin da ba ka yi ba, Baba. Shi ne ciwon."

Ya ajiye faifan. Maganar ta soke shi, don ya san gaskiya ce, ya ga irin haka a asibiti ba adadi, ya ma sha yi wa 'yan jinya faɗa a kai. Amma mutum irin Direba in ka ce masa ya daina yi, abin da yake ji shi ne ya yi wani abu daban. Kwana biyu yana zagaye gidan yana shafa bango, sannan ya fito da shawara. Zai kafa bututun ƙarfe a jikin bango, daga bakin gadonta zuwa banɗaki, daga nan zuwa falo, har ɗakin ɗinki, ta riƙa dafawa tana tafiya. Kuma da hannunsa zai yi. Zai sayi injin walda.

Auta ta ce a waya, "Baba, ba ga masu walda nan birjik a bakin titi ba?"

"Wane ne a cikinsu ya san tsayin hannun uwarki in ta gaji?"

Ranar da zai tafi kasuwa ya kira matar maƙwabci ta zauna da Tela, ya yi ta jero mata dokoki kamar mai shirin tafiya ƙasar waje, har sai da matar ta ce in bai fita ba ita za ta koma gidanta. A layin masu kayan ƙarfe ya shiga wani shago mai tsawo, mai warin man inji, wayoyi a nannaɗe suna rataye daga rufi. Mai shagon mutum ne mai furfura a gemu da tabon ƙuna a damtse, da gani ya yi aikin da hannunsa kafin ya koma sayarwa. Bai yi gaggawar nuna kaya ba, tambayoyi ya fara.

"Baba, me za ka riƙa haɗawa? Ƙofa ce ko ƙananan abubuwa? Ƙarfen mai kauri ne? Wutar gidanku tana da ƙarfi? Ka taɓa riƙe sandar walda?"

Direba ya ce bai taɓa ba, amma ya yi shekaru yana kallo.

"Kallo daban, Baba. Ni ma na daɗe ina kallon jirgin sama."

Ya sauko masa da wani ɗan inji daga kanta, bai fi rediyo girma ba, da maɗaurin ratayawa a kafaɗa. Ya ce irin na zamani ne, shi ya dace da sabon shiga. Ba ya shan wuta da yawa, sanda ba ta cika liƙewa ba, ga maɓallin ƙara wuta da ragewa mai lamba a jiki, kuma duk inda aikin yake nan za ka kai shi, ko cikin ɗaki ne. Direba ya ɗaga shi da hannu ɗaya, zuciyarsa ta kwanta nan take. Ya riga ya hango kansa a bakin ƙofar Tela yana aiki, in ya ɗaga garkuwar fuska ta masu walda ya gan ta, in ta yi tari ya ji.

A can ƙuryar shagon kuma akwai wani tsohon inji na hannu, baƙi, jibgege, a kan tayoyin ƙarfe. Direba da ganin taya sai da ya je ya taɓa.

Mai shago ya yi dariya. "Wannan kakansu ne. Cikinsa tagulla ce zalla, ba ya mutuwa, jikokinka ma za su gaje shi. Amma sai mutum biyu sun ɗaga, sai an ja masa layin wutarsa daban, in ka kunna shi fitilun gida sai sun rusuna masa. Ga ruri. Inda ka ajiye shi nan ne gidansa. Ba naka ba ne, Baba, ɗauki ƙaramin."

Da wani ne da ya biya ya rataya. Amma a gidan Direba, tun daga tukunya har filin da suka gina, ba a taɓa sayen abu Tela ba ta ji ba. Ya ce a ajiye masa zuwa gobe.

Ya same ta a bakin taga, inda ya bar ta. Ya durƙusa gefen keken ya zayyana mata komai, yana zuzuta ƙaramin, yana kushe babban. Ya zaci zai ji "duk yadda ka gani". Sai ya ga ta juyo ta dube shi sosai, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Babban nan, zai shigo cikin gida?"

"Ina. Ko dakalin ƙofar kicin ba zai hau ba. Sai dai in yi aikin a gareji, in riƙa kawowa guntu-guntu ina ɗaurawa a bango da noti."

"In yana rurin nasa, kana jin kirana daga can?"

"Ko ganga kika buga ba zan ji ba. Shi ya sa na ce..."

"Shi za ka saya."

Ya sake bayani, ko ba ta fahimta ba. Ta ce ta fahimta sarai, babban take so, ta mai da fuska taga.

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Ya tafi ya zauna kan tsofaffin katifun gareji, ya ce a ransa ashe ta gaji da ganinsa. Shi da bai taɓa gajiya da ita ba ko na minti ɗaya, shi ake kora bayan gida kamar akuya mai ɓarna. Amma ita ce buƙata ta farko da ta fito daga bakinta tun faɗuwar, kuma ba shi da zuciyar da zai hana.

Mai shago ya riƙe haɓa da ya ji. "Baba, wa ya ba ka wannan shawarar?"

"Wadda ba a yi wa musu."

"To Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya." Ya haɗa masa da garkuwar fuska mai baƙin gilashi, safar hannu ta fata, guduma ƙarama ta ɓare kashin walda, da ƙunshin sanduna sirara. Ya ja shi bayan shago ya nuna masa yadda ake ƙyasta sanda a jikin ƙarfe kamar ashana, a ɗan ɗaga, a ja a hankali. Ya gargaɗe shi ya kwashe katifu da fenti daga garejin kafin ya kunna, in ba so yake ya kwana a titi ba.

Aka kawo kakan injuna a bayan a-kori-kura, mai gyaran wuta ya ja masa layi, aka girke shi a inda ya kamata mota ta tsaya. Direba ya fara koyo, kuma ya sha wuya. Sanda ta liƙe, ya fizga, ta taho da ƙarfen gaba ɗaya. Ya ƙara wuta, ya huda bututu. Ya rage, waldar ta fito gudaji-gudaji kamar kashin kaji, ya buga da guduma ta ɓalle. Hannun da ya iya ɗaga ƙato bai farka ba, ga shi ɗan ƙarfe ya gagare shi.

Kwanakin farko, rabin aikin nasa zirga-zirga ce. Ya ɗan taɓa, ya kashe, ya ruga ciki.

"Kin kira ni?"

"Ka gama ne?"

"A'a."

"To koma."

Duk sa'ad da ya ƙyasta sanda, fankar ɗakinta sai ta rage gudu kamar za ta tsaya, in ya ɗaga ta ci gaba. Ya ba ta haƙuri, ya ce zai kira mai gyaran wuta ya san dabara. Ta ce kada wanda ya taɓa mata fanka.

Wata rana garin sauri ya yi ta ƙyastawa kafin ya sauke garkuwa. Washegari ya tashi idanu jajur sun kumbura, suna zubar ruwa kamar an watsa masa yashi. Ya lalubo bango ya zo gaishe ta. Tela ta dube shi, ta dube shi, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Direba, kai da ka je gyara ni, wa zai gyara ka? Matso nan, sa kanka a cinyata."

Ita ta ɗiga masa magani, tana yi tana faɗa, wai tsoho da shi bai san wuta ba a yi mata ƙuri. Yana kwance ido a rufe yana shan faɗan nan, daɗi ya cika shi har wuya. Da ya san haka ne, da tuni ya ƙona idon.

A hankali aikin ya fara kama shi. In ya sauke garkuwa duniya sai ta yi duhu, ba abin da ya rage sai ɗan tafkin ƙarfe da ke narkewa a bakin sanda, kuma tafkin nan ba ya yarda a raba hankali. Ka tuna wani abu, ya huje. Sai ya wayi gari yana yin sa'a guda cur bai leƙa ciki ba, in ya farga ya ji kunya kamar ya yi sata. Waldarsa ta fara kwanciya. Guntu na farko da ya yarda da shi ya kai ya ɗaura a bakin ƙofar ɗakinta, ya rataya da dukan nauyinsa ya ga ko gezau. Ya ɗan karkace, amma yana nan da ƙarfinsa.

Abin da ya dame shi, in ya shigo yakan tarar da ita sharkaf da gumi tana haki, da yamma kuma barci ke kwashe ta tun kafin a kwashe kwanuka. Ya taɓa goshinta, ya ce zazzaɓi ne, gobe sai asibiti, waldar ma a dakata. Ta ture hannun.

"Lafiyata ƙalau. Ka je ka yi aikinka, kuma ka daɗe."

Ranar da abin ya faru, da rana tsaka ne, yana tsakiyar haɗa gwiwar bututu sai aka ɗauke wuta. Rurin ya yanke, garejin ya yi tsit. Tunaninsa na farko zafi ne, fanka ta tsaya, bari ya je ya yi mata fifita. Ya tura garkuwar sama bisa goshi, ko safar hannu bai cire ba, ya bi ta kicin ya shiga.

Keken ya fara gani a bakin ƙofar ɗaki, ba kowa a ciki. Ya waiwaya yana nemanta.

Tana tsaye a tsakiyar baranda. Ta wuce guntun ƙarfen nasa da nisa, hannu ɗaya a bango, ɗayan a iska, zani ya ɗan kwance, ƙafafun nan sirara suna karkarwa. A jikin farin fentin, daidai kafaɗarta, ga shatin tafin hannu jere, wani kan wani, wasu sun dushe. Ba aikin yau ba ne.

Ta ɗago ta gan shi. Ba ta ji kunya ba, haushi ta ji.

"Wutar nan ta tona min asiri," ta ce tana haki. "In fanka ta rage gudu na san kana can, sai in tashi. In ta daɗe tana gudu sosai na san ka kashe, in koma in zauna. Yau ta tsaya gaba ɗaya, na rasa gane kanta."

Yana buɗe baki gwiwarta ta ɗan lanƙwashe. Jikinsa bai nemi shawararsa ba, ya riga ya yi taku biyu, hannuwa a miƙe.

"Baban Auta." Ba ta ɗaga murya ba. "In ka taɓa ni, na koma kujerar can, kuma ba zan ƙara tashi ba. Na san kaina. Hannunka ya fi ƙafata daɗi. Tsaya inda kake."

Ya tsaya. Tsakaninsu bai fi tsawon tabarma biyu ba. Ta gyara tsayuwa, ta ja ƙafar da aka yi wa aiki, ta cije leɓe, irin cizon nan da ba ya iya gani. Ya ji ƙafafunsa na shirin cin amanarsa su kai shi wurinta. Ya damƙe ƙofar kicin da safar fata, bai isa ba. Ya san muddin yana kallo sai ya tare ta, kuma in ya tare ta ya gama da ita.

Sai ya kai hannu ya sauke garkuwar a kan fuskarsa.

Duhu ya rufe shi. Ba ya ganin komai, sai numfashinsa mai zafi da ke dawo masa, da hawaye da ke bin gemu ba damar sharewa. Yana jin tafin hannunta na shafar bango. Yana jin silifas ɗaya ya taka, ɗayan ya ja. Shiru. Shirun ya yi tsawo har ya fara addu'a a fili. Sannan ya sake ji, taku, ja. Ya yi shekaru yana ratsa dogayen barandu da mutane a gabansa, bai taɓa sanin mai tsawon wannan ba.

Numfashinta ya matso har yana jin ƙamshin man da ya shafa mata da safe. Sai ya ji an ƙwanƙwasa gilashin garkuwar da farce, a hankali.

"Buɗe, Direba," ta ce. "Na iso."